Sakamako ko Wajibi: Da Me Ake Auna Aikin Mutum?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun shari'a a jami'a. A darasin falsafar ɗabi'a an kawo mana mazhabobi biyu. Ɗaya ta ce ana gane kyan aiki ne da abin da ya haifar, ɗayar kuma ta ce akwai wajibin da ba a karya shi kome zai faru. Ta farko na gan ta kamar lasisin yin ɓarna da sunan gyara, ta biyu kuwa kamar taurin kai. Mene ne ainihin bambancinsu, wacce ta fi ƙarfin hujja, kuma ina fiƙihun da muka karanta ya tsaya tsakaninsu?

Amsa: 'Yata, Allah ya ƙara basira. Yadda kika siffanta mazhabobin nan haka abokan hamayyarsu suke siffanta su, kuma kowacce ta fi haka nauyi. A yawancin al'amuran yau da kullum bakinsu ɗaya ne: kada a yi sata, a cika alkawari, a taimaki mai rauni. Wuri ɗaya suka raba hanya. Shin akwai abin da bai halatta a yi wa mutum ɗaya ba, ko da yin sa zai sa jama'a su fi samun alheri idan an haɗa lissafi? Masu duba sakamako suka ce babu, muddin lissafin ya tabbata. Masu riƙo da wajibi suka ce akwai. Tunda shari'a kike karantawa, bari mu ɗauki wadda aka yi da gaske a gaban alƙalai.

A shekarar 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette ya tashi daga Ingila zai tafi Ostareliya da mutum huɗu: kyaftin Tom Dudley, da Edwin Stephens, da Edmund Brooks, da wani yaro maraya ɗan shekara 17 mai suna Richard Parker. Ranar 5 ga Yuli igiyar ruwa ta fasa jirgin a tsakiyar tekun Atilantika. Suka tsira a ɗan kwalekwale, ba ruwan sha, guzurinsu gwangwani biyu na kayan lambu, sai wani kunkurun teku da suka kama daga baya. Yaron ya sha ruwan gishiri ya kwanta ciwo. Dudley ya kawo shawarar a jefa ƙuri'a a kan wanda za a yanka, Brooks ya ƙi. Ba a jefa ƙuri'ar ba. Bayan kusan mako uku a teku Dudley ya yanka yaron da yardar Stephens, su uku suka ci namansa. Kwana huɗu da yin haka wani jirgin Jamus ya tsince su. Da suka sauka Ingila ba su ɓoye kome ba, don a ganinsu al'adar ma'aikatan teku ce, kuma jama'ar gari da yawa sun tausaya musu. A watan Disamba kotu ta ce larura ba ta zama uzurin kisan kai ba, ta yanke wa Dudley da Stephens hukuncin kisa, sannan aka sassauta shi zuwa ɗaurin wata shida.

Mai duba sakamako zai fara da ƙidaya: mutum ɗaya ya mutu, uku sun rayu, kuma wanda ya mutu ɗin da ma yana kan gargara. Wannan tunani yana da uba, Jeremy Bentham, Baturen Ingila masanin shari'a da ya rayu daga 1748 zuwa 1832. A littafinsa da ya fito a 1789 ya ce abu biyu ke mulkin ɗan'adam, daɗi da zafi, don haka aiki na gari shi ne wanda ya fi ƙara daɗi ya rage zafi ga duk wanda abin ya shafa. Har ma'auni bakwai ya jera: ƙarfin daɗin ko zafin, tsawon lokacinsa, tabbacin aukuwarsa, kusancinsa, ko zai haifi wani irinsa, ko yana gauraye da kishiyarsa, da yawan mutanen da zai taɓa.

Kada ki raina wannan. A zamanin Bentham ana rataye mutum a Ingila saboda ƙaramar sata, kuma amsar da ake bai wa mai tambaya ita ce haka doka take tun kaka da kakanni. Shi kuwa sai ya ce a nuna masa amfanin kowace doka ga masu rai, in ba haka ba a soke ta. A lissafinsa zafin talaka da na basarake nauyinsu ɗaya, har dabbobi ya sa a ciki, ya ce abin dubawa ba ko suna tunani ko magana ba ne, ko suna jin wahala ne. John Stuart Mill, wanda ya taso a hannun mabiyan Bentham, ya gyara mazhabar a 1861, ya ce ba duk daɗi ne ɗaya ba, na hankali da ilimi ya fi na ciki daraja. Shi ne kuma ya tsaya a majalisar Ingila a 1867 yana neman a bai wa mata damar jefa ƙuri'a. Mutanen nan ba masu neman hanyar cuta ba ne. Masu neman gyara ne da suka gaji da dokokin da ba sa amfanar kowa.

Amma koma cikin kwalekwalen ki ga inda lissafin yake yoyo. Na farko, sani. Dudley bai san za a tsince su bayan kwana huɗu ba, bai san ko gobe ne ba, bai san ko har abada ba. Mazhabar tana so ki auna gobe, alhali gobe ba ta hannunki. Mabiyanta sun amsa cewa ana auna abin da ya fi rinjaye a zato ne, ba abin da ya faru a ƙarshe ba, kuma amsa ce mai kyau. Sai dai ta kai mu ga matsala ta biyu, wato wa ke riƙe da sikelin. Babban alƙali Coleridge, wanda ya karanta hukunci a shari'ar Dudley, ya taɓo wannan a hukuncinsa: wa zai yanke cewa larurar ta kai, kuma da wane mudu ake gwada ran wani da na wani? Ya lura cewa wanda aka zaɓa shi ne mafi rauni, mafi ƙarancin shekaru, wanda ba zai iya kare kansa ba. Mai yunwa da wuƙa a hannu ba ya rasa dalilin da zai sa lissafi ya faɗa gefensa.

Ta uku ita ce mai zurfi, kuma tana nan ko da an warware biyun farko. Mutum yana iya jure zafi yau don ya ji daɗi gobe, kamar mai shan magani mai ɗaci, domin shi ya sha ɗacin shi ya warke. Bentham ya ɗauki wannan ya shimfiɗa shi a kan jama'a, kamar dukansu jiki ɗaya ne. John Rawls, masanin falsafa na Amurka, ya ce a 1971 wannan mazhaba ba ta ɗauki bambancin da ke tsakanin mutum da mutum da muhimmanci ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ribar gardin ba ta warkar da bayan kurar. Shi ya sa malaman falsafa suke yawan kawo misalin likitan da ke da marasa lafiya biyar, kowanne yana bukatar dashen wani sashe na jiki, sai ga lafiyayye ya shigo asibiti. Ƙidaya ta ce biyar ta fi ɗaya, amma da wuya ki sami wanda zai ce a yanka shi.

A nan Immanuel Kant yake shigowa. Bajamushe ne, an haife shi a 1724 a birnin Königsberg, wanda yanzu yake hannun Rasha da sunan Kaliningrad, a can kuma ya rasu a 1804. A ɗan littafinsa na 1785 ya fara da cewa babu abin da yake alheri ba tare da sharaɗi ba sai kyakkyawar niyya. Wayo, jarumta, dukiya, duk mugu yana iya amfani da su. Ya kawo misalin mai kanti da ba ya cutar yaro wajen ciniki. Idan don kada ya rasa masu saye yake yi, aikinsa ya dace da wajibi, amma ba don wajibi ya yi shi ba, kuma a wajen Kant ba shi da darajar ɗabi'a. Ya raba umarni gida biyu. Akwai mai sharaɗi: in kana son ciniki, riƙe gaskiya. Wanda ba ya son ciniki ya fita daga ƙarƙashinsa. Akwai kuma marar sharaɗi, wanda ya hau kan duk mai hankali ko yana so ko ba ya so.

Hanyar gane wannan umarni ita ce ki ɗauki ƙa'idar da kike shirin aiki da ita, ki tambayi kanki ko za ki iya son ta zama dokar kowa. Misalinsa shi ne mai neman rance da ya san ba zai biya ba, amma ya yi alkawarin biya. Ɗalibai da yawa suna kuskure a nan, suna zaton Kant yana cewa idan kowa ya yi haka duniya za ta lalace. Da haka yake nufi da ya zama mai duba sakamako ke nan. Abin da yake cewa shi ne ƙa'idar tana cin kanta: ƙaryar alkawari tana aiki ne kawai saboda mutane suna gaskata alkawari, in ta zama dokar kowa babu alkawarin da zai saura balle a yi ƙarya da shi. Maƙaryaci yana so kowa ya bi doka, shi kaɗai a ware shi. Ki riƙe wannan, don malamai suna son tambayarsa a jarrabawa.

Ya sake faɗin umarnin da wata siga wadda ta fi shiga zuciya: kada ka ɗauki ɗan'adam, kai kanka ko wani, a matsayin kayan aiki kawai. Kalmar "kawai" tana da aiki a nan, domin kullum muna amfani da juna. Kina hawa motar haya, direba hanya ce gare ki ta isa makaranta, amma ya yarda, an yi ciniki, an biya shi. Abin da aka hana shi ne yi masa abin da ba zai yiwu ya yarda da shi ba, ta hanyar yaudara ko tilas. Kant ya ce kaya suna da farashi, ana musayar wannan da wancan, mutum kuwa mutunci gare shi, ba ya shiga sikeli. Richard Parker ba a tambaye shi ba. An mayar da shi guzuri. A wajen Kant magana ta ƙare a nan, ko mutum uku ne a kwalekwalen ko ɗari uku.

To, taurin kan da kika hango yana nan, kuma Kant da kansa ya nuna shi. A 1797, yana mayar wa Bafaranshe Benjamin Constant martani, ya ce ko mai kisan kai ne ya zo ƙofarka yana tambayar ko abokinka da yake nema yana cikin gida, ba ka da damar yi masa ƙarya. Hujjarsa ita ce idan ka faɗi gaskiya laifin kisan na makashin ne, idan kuwa ka yi ƙarya ka ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya. Ni dai ban gamsu ba, kuma mabiyansa da yawa sun sha wahalar kare shi a nan. Mutumin da ya fi damuwa da tsabtar hannunsa fiye da ran wanda ya fake a gidansa, akwai abin da ya ɓace masa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo kusan wannan mas'ala a Ihya'u Ulumiddin, ya ce idan faɗin gaskiya zai jawo zubar da jinin wanda ya ɓuya daga azzalumi, ƙarya ta zama wajibi.

Tushen matsalar shi ne wajibai suna karo da juna, Kant kuwa bai bar mana kyakkyawar hanyar raba su ba. W. D. Ross na jami'ar Oxford ya yi ƙoƙarin gyara wannan a 1930. Ya ce wajibai suna da yawa: cika alkawari, biyan diyyar ɓarnar da ka yi, godiya, adalci, kyautatawa, gyaran kai, da kame hannu daga cutarwa. Kowanne yana da nauyi, amma idan suka haɗu sai mai hankali ya duba wanda ya rinjaya a wannan hali, kuma kame hannu daga cutarwa yakan fi kyautatawa nauyi. Haka masu duba sakamako su ma suka matso. Wasunsu suka ce ba kowane aiki za a ɗora a sikeli ba, dokoki za a auna, a zaɓi waɗanda bin su ya fi amfanar jama'a, sannan a bi su ko da a wani lokaci karya su zai yi kamar ya fi riba. Kin ga kowane ɓangare ya ara daga ɗan'uwansa. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne dalili: wannan ya ce kada a yanka yaron saboda duniyar da ake yanka yara a cikinta ta fi muni, wancan ya ce saboda an zalunci yaron. Ina ganin na biyu ne ya faɗi abin da ya faru a kwalekwalen.

Game da fiƙihu, kada ki yi saurin saka shi a aljihun ɗayansu. Wajibin Kant daga hankali kaɗai ya fito, na malaman fiƙihu kuwa daga nassi. Maslaha ma ba daɗin Bentham ba ce. Gazali ya fassara ta da kiyaye abubuwa biyar da shari'a ta zo don su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya, kuma Shaɗibi, Bamalike na Andalus da ya rasu a 1388, ya faɗaɗa wannan a littafinsa Muwafaƙat. Duk da haka auna sakamako yana cike da littattafanmu. Larura tana halatta abin da aka hana, ana ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba, tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma Malikawa sun shahara da toshe ƙofar da ke kaiwa ga ɓarna. Sai dai awon yana da shinge. Wanda aka tilasta yana iya furta kalmar kafirci zuciyarsa tana natse da imani, kamar yadda aya ta 106 a Suratun Nahli ta nuna, amma malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ya halatta masa kashe wani don ya tsira.

Abin mamaki, Gazali ya tattauna irin mas'alar kwalekwalen Dudley fiye da shekara ɗari bakwai kafin ta faru. A littafinsa Mustasfa ya kawo mutanen da ke cikin jirgin ruwa, in sun jefa ɗayansu za su tsira, da mutanen da yunwa ta kama, in sun ci ɗayansu ta hanyar ƙuri'a za su rayu. Duka biyun ya ce babu rangwame. Wurin da ya buɗe ƙofa shi ne idan abokan gaba suka yi garkuwa da fursunoni Musulmi, kuma ya tabbata in an kame hannu za su ƙare al'umma gaba ɗaya har da fursunonin. Ya ɗaure wannan da sharaɗi uku: ta zama larura, ta zama tabbas, ta kuma shafi kowa da kowa, ba wasu ƙididdigaggu ba.

Matsayina, tunda kin tambaya, shi ne wajibi ke shata iyakar abin da ba a yi wa mutum, a cikin iyakar kuwa sakamako ne jagora. Kwamishinan lafiya da ke da kuɗin da ba su isa ba, yana zaɓi tsakanin rigakafin yara dubbai da na'ura ɗaya mai tsada a babban asibiti, Kant ba shi da abin da zai gaya masa sosai. Dole ya ƙidaya, kuma ƙin ƙidayar sakaci ne da rayuka. Amma ƙidayar ba ta ba shi damar gwada magani a jikin yaro ba da sanin iyayensa ba. Mutanen Kano sun san wannan batu. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye sun yi ƙarar cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suke ambata. Amana idan ta karye, asarar takan wuce duk ribar da aka lissafa, kuma wannan hujja ce da ko Bentham zai karɓa.

Kada ki zaci wannan matsayi nawa ya kashe wutar gardamar. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, Jamus ta yi doka a 2005 da ta bai wa ministan tsaro ikon sa a harbo jirgin sama da aka sace, in an ga za a yi amfani da shi a kashe mutane a ƙasa. Ranar 15 ga Fabrairu 2006 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta soke wannan sashe. Sashe na farko na tsarin mulkin Jamus na 1949 ya ce mutuncin ɗan'adam ba a taɓa shi, kotun kuma ta ce harbo jirgi da fasinjoji marasa laifi a ciki mayar da su kayan aiki ne don ceton wasu. Ta ƙi karɓar hujjar cewa ai da ma mutuwa za su yi, ta kuma nuna cewa wanda ke ƙasa ba zai iya tabbatar da abin da ke faruwa a cikin jirgi ba a 'yan mintunan da yake da su. Muryar Kant ce wannan a bakin alƙalai. A fahimtata sharuɗɗan Gazali ma can za su kai mu ta wata hanya, don babu tabbas, kuma waɗanda ake tsoron rasawa ƙididdigaggu ne. Amma a shekarar 2007 ministan tsaro Franz Josef Jung ya fito fili ya ce in ranar ta zo zai ba da umarnin harbi duk da hukuncin kotu, ƙungiyar matuƙan jiragen yaƙi kuma ta shawarci 'ya'yanta kada su bi irin wannan umarni.